Ruwan Saman Haya

Ranar da suka shigo lungunmu na Mumbai
da tankar ruwa uku da manyan fitilu,
famfonmu ya kwana huɗu bai ce uffan ba.

Wani mai hular kaki ya dubi bangon Sulabha,
wanda ta shafe da shuɗin fenti saboda Diwali,
ya ce ya cika tsabta.
Aka kwaɓa toka da baƙin mai, aka talauta shi.
Shanyarmu kuwa cewa suka yi a bar ta,
wai tsummanmu na yin kyau a hoto.

Da dare aka saki ruwan saman haya.
Jarumi ya ruga, riga ta manne masa a ƙirji,
yana kiran wata da ba ta taɓa bin layin ban ɗaki ba.
Sau tara ya jiƙe, sau tara aka goge shi da tawul.
Mu muna bayan igiya da bokitai,
ƙanena Vithal yana taren abin da ya gangaro.

Da shekara ta zagayo na ɗauki kuɗin gugar yini biyu
na shiga silima.
Ga lungunmu, ya yi faɗi, ya yi shiru,
babu tarin tsoho Dagdu, babu ƙarnin kifi.
Can a kusurwa, ƙiftawa da bismillah,
tagata.
Matar da ke gefena ta share hawaye,
ta ce, "Bayin Allah, ba su da komai, amma dubi rawa!"

Ƙarfe huɗu na asuba famfo ya kawo.
Ni ce ta sha bakwai a layi.
Bangon Sulabha har yau babu wanda ya zo ya wanke.