Mudun Tagulla

A gidanmu na Garwa, bayan masu bandar kifi,
akwai mudun da ba a kasuwa aka saye shi ba.
Tagulla ne, dogo, bakinsa ya ɗan lotsa,
a gindinsa lambobin da ba wanda ya damu da su.
Da shi Goggo Tabawa ke awon gero:
cika uku, tuwon mutum tara.

Kwanson harsashin igwa ne.
Kakana Cindo ya shigo da shi a hammata
shekarar da Jamus ta sauke tuta.

Ɗan koli ne shi, allura, kwalli, madubin hannu.
Ya baro Yola zai ci kasuwa biyu ya juya.
A gaɓar Binuwai aka tare su,
wani mai jar dara ya latsa wuyansa
kamar mai tayin sa ranar kasuwa,
ya ce, wannan zai ɗauka.

Ya kuwa ɗauka.
Akwatin harsashi, kwana goma sha ɗaya, ba gammo.
Har ya mutu gashi bai sake fitowa a wurin ba.

Wata rana ya tambayi tafinta,
wai me ya haɗa Turawan nan?
Tafinta ya ce an kashe ɗan wani sarki
a wata ƙasa mai sanyi.
Cindo ya ce, to a biya diyya mana!
Tafinta ya yi dariya har da hawaye.
Ya ce, kai baƙauye, can suna da maƙeru
da ba a kashe musu wuta dare da rana,
suna zuba harsashi kamar mai suyar waina.
Wanda ya soya da yawa, dole ya nemi mai ci.

Suka yi wa garin zobe.
Ingila ta wannan gefe, Faransa ta wancan,
Jamus a tsakiya cikin ramuka da waya mai ƙaya.
Igwa ta yi magana, dorina ta bar kogi,
mata suka daina daka don turmi ya ji kunya.

Amma abin da ya fi yawan ba mu labari ƙarami ne.
Wani dare da aka yi tsit,
daga ramin abokan gaba
wani ya yi atishawa, ya ce alhamdu lillahi,
da bakin Katsinawa sak.
Cindo ya amsa, yarhamukallahu,
kafin ya tuna ɓangaren da yake.

Abokinsa Jatau bai ga ƙarshen abin ba.
Ba harsashi ba ne, gudawa ce.
Akawu ya rubuta alfadarai biyu da suka faɗi ranar,
sannan ya rufe littafi.

Da aka ɗaga farin ƙyalle
sai ga masu faɗan sun zauna kan kujeru
suna miƙa wa juna taba.
'Yan dako aka sallama da sule biyu biyu.
Shi ya tsinci wannan kwanso ya cike ladansa.

Daga baya wasu suka ja layi a takarda.
Ya kwanta a inda yake,
ya farka uwarsa tana wata ƙasa.
Kuɗi ya sake kai, tuta ta sake launi,
haraji ne kaɗai ya fito daga yaƙin ko ƙwarzane babu.

Jiya 'yata Zulai ta dawo daga lekol
da littafi mai taswira, ja da shuɗi da kore,
da adadin matattu, sifiri a jere kamar ƙwan zabo.
Na ce ta duba mini ko akwai Garwa.
Ta bi da yatsa, ta bi, ta bi.
Akwai, Baba. Layi ɗaya.

Goggo ta ƙwala kira daga madafa:
wa ya ɗauke mini mudu?
Rana na faɗuwa.