Ma'aunin Taswira

Mushe Kiyari ya rataye taswira jikin allo,
ƙusa ɗaya, gefen ya yage tun bara.
Ya ce, "Shuɗi ruwa ne."
Na duba: Kwara can yamma, siririya kamar jijiyar hannu,
tafkin Cadi can gabas, wai ma ya tsuke, zanen tsoho ne.
Mu a tsakiya, ɗigo baƙi,
ƙuda in ya sauka sai ya rufe Damagaram duka.

Ya ce garinmu bisa dutse yake zaune,
shi ya sa rijiya ke gajiyar da mai haƙa.
Na rubuta cikin kaye.
Ban ce masa wuyana ya riga shi sani ba:
ƙarfe ukun dare, bido ashirin da bakwai a layi,
namu na goma sha tara,
pampo yana tari kamar tsoho, iska kawai yake tofarwa.

Da marece Yagana ta zo da wayar yayanta,
muka leƙa gari daga sama yadda shirwa ke ganinsa.
Ga duwatsun Birni kamar ƙwai a kwando,
ga kasuwar Dole,
ga kwanon ɗakinmu, har tayar da Baba ya danne shi da ita!
Iya Tabawa ta ce a miƙo mata.
Ta daɗe tana kallo, ta ce,
"To, ina mutanen? Ranar duk an tafi biki ne?"
Ba mu ba ta amsa ba, caji ya mutu,
wuta kuwa tun azahar ba ta dawo ba.

Laraba darasin haƙƙi da wajibi.
Na tuna tikitin da Inna ke yanka kullum
don farantin awara a bakin tasha,
tana cusa su cikin gwangwanin madara, ban san wa take ajiye wa ba.
Na tuna lambatun layinmu da ya toshe,
watan takwas ruwa ya shigo har ƙarƙashin gado.
Na ɗaga hannu in tambaya laifin wa,
sai na sauke.
Ledar ruwan sanyi ta jiya, ni na jefa.

Aikin gida: kowa ya zana unguwarsu.
Na bi lungu lungu da ƙafa.
Pampon da ke kawowa na yi masa shuɗi,
wanda ya mutu na yi masa ja.
Jan bik ya ƙare kafin in kai masallacin Juma'a,
na ƙarasa da lallen Iya.

Goma sha uku bisa ashirin.
A ƙasa Mushe ya rubuta: "Ina kibiyar arewa? Ina ma'auni?"
Gaskiyarsa.
Arewa na sani, inda motocin Agadas ke ɓacewa.
Ma'auni kuwa ga shi, Mushe:
santimita ɗaya, taki ɗari huɗu da bido a ka,
kuma dawowa ta fi zuwa nisa,
abin da rula ba ta yarda da shi ba.

Yagana ta ce mu ɗauki hotonta mu tura ofishin magajin gari.
Na ce bari in kwashe ledar ƙofarmu tukuna,
kuma a samo lambar,
kuma wuta ta dawo.