Famfo Biyu A Kan Buhun Taki

Ƙarƙashin dalbejiyar garejin Mantau,
inda titin Majiya ya karya kwana,
aka shimfiɗa buhun taki, aka ɗora famfo biyu.
Ɗaya siriri, daga Ƙofar Ruwa, ƙunshe a leda,
bai daina warin tankin wata ƙasa ba.
Ɗaya gajere, kamar gaɓar rake,
da wayoyi biyu, ja da baƙa.

Motar ta mahaifina ce, a-kori-kura,
ta girmi matata da damina uku.
Kafireto ya ci mini rai:
kullum asuba sai an tura,
sai na tsotsi tiyo na tofar da fetur,
kafin in isa Gujungu ran Lahadi
tattasai ya yi laushi, dillalai sun kaɗe riga.

A nan kowa cire injekta yake, ya koma kafireto.
Ni kaɗai na ba garke baya.
Suka ce, “Ilu, rana ce ta taɓa ka?”
Na ce lita nake ƙirgawa, ba bakunan mutane ba.

Mantau ya goge hannu, tsumman ya fi hannun baƙi.
Ya ce, “Kafireto tsoho ne,
ko da cokali ka ɗiga masa zai sha.
Injekta kuwa ba ta karɓar ɗigo,
da ƙarfi ake kai mata, ko ta yi yaji.

“Wannan siririn a cikin tanki yake kwana,
kamar kifi, man ne ke sanyaya shi.
Ba ya ƙara, ba ya shan rana.
Amma sai mun yanka tanki,
ran da ya mutu a hanyar Taura kuma
sai ka sauke tankin a kan rairayi, kai da Allah.

“Gajeren nan a waje ake ɗaure shi, ƙasa da tanki,
gwani ne wajen turawa, rago wajen ja.
Kukansa kukan sauro.
Noti huɗu ne, ko yaronka zai kwance.”

Na ɗauki siririn na auna a tafi.
Shirun nan nake so.
Na gaji da motar da ke sanar da ƙauye uku zuwana.

Sai ya tambaye ni abin da ban shirya masa ba:
“Yaushe rabon tankinka da cika?”

Na dubi ƙasa. Tururuwa na jan ɓawon gyaɗa.
Galan guda nake saye wajen ’yan bumburutu,
wani da yashi a gindi, wani da ruwa,
allurar mai ta daɗe kwance tana barci.
Ya ce, “To kifi zai rayu a busasshen tafki?”

Na ajiye siririn a hankali
kamar mai mayar da kayan da ya taya bai saya ba.

Muka ɗaure gajeren a jikin shasi,
filta kafinsa, filta bayansa,
ƙaramin gwangwani a tsakani
don kada ya haɗiyi iska in na sha kwana,
da bututun da rarar mai za ta bi ta koma gida.
Kuɗin albasar da na ɓoye don tsada
ya tafi a tiyo da kilif da waya.
La’asar ta same mu kwance ƙarƙashin mota.

Da asuba na murɗa makulli rabi.
Zzzz, sauron ya tashi,
na ƙirga ɗaya, na ƙirga biyu,
na ƙarasa murɗawa.

Ta kama.

A madubi na hango su Talle da Ɗanliti,
’yan turina na shekara huɗu,
sun riga sun dafa bodi, sun kafe ƙafa a ƙasa,
suna jiran in ce “bisimilla”.
Na leƙo na ce su hau.
Talle bai motsa ba. Ya ce,
“To yau wa zai ba mu na koko?”