Gambo Tsakanin Gado Biyu

Ni ce Gambo, bayan tagwaye na zo,
tun ina goye nake ƙirga abu bibbiyu.
Alasan da Fusaina: ciki ɗaya, rana ɗaya,
bana shekararsu sittin da uku.

Jijiya guda ta toshe a zuciyar kowanne,
ta daɗe, ta ƙeƙashe
kamar kwatar Nima da shara ta cinye.

Alasan sau ɗaya ya dafe ƙirji a tashar mota,
kafin la'asar maza huɗu sun kai shi Korle Bu.
Fusaina shekara shida tana haki
a kan tukunyar wake da shinkafa,
muƙamuƙi na tsami, baya na sara.
Aka ce gyambon ciki ne,
aka ce hayaƙin itace ne,
aka ce ke dai rage tunani.
Ta sha kanwa har ta gaji.

Likita ɗaya, ɗaki ɗaya, Laraba ɗaya.
Aka zura siririyar waya ta cinya,
ta bi jini sannu har ƙofar da ta rufe,
aka huda, aka kafa ɗan bututu ya tokare hanya.

Ran Juma'a Alasan ya karya hula,
yana tambayar wa ya ci ƙwallo jiya.

Ita kuwa cinya ta kumbura, ta rine kamar baba,
jini leda biyu aka ƙara mata,
ƙoda ta yi yaji kwana huɗu.
A baranda likitar, 'yar Asante mai sanyin murya,
ta ce, "Hanyoyin jininku sirara ne,
kuma kukan zo mana a makare."
Na ce, "Tun hantsi muke sallama,
ba a amsa ba."
Ta yi shiru.
Ta rubuta wani abu a bayan hannunta.

Kwana goma sha tara na kwana a kujera,
iskar teku na lasar min fuska da gishiri.

Yau da asuba na ji motsi a tsakar gida.
Fusaina ce ke hawa matakala da kwandon shanya,
goma, sha ɗaya, sha biyu,
ba ta tsaya ba.
Alasan na ƙasa, buta a hannu.
Ya ce, "Da can a ina kike hutawa?"
Ta ce, "A ta huɗu. Shekara shida.
Kullum kana wuce ni,
kana cewa sannu da aiki."