Gefen Takarda

Ranar Laraba ake cika fom.
Sista Afriyie ta ajiye shi a teburina,
ta ƙwanƙwasa shi da biro sau biyu:
"Zaliya, lamba suke so a sama, ba labari ba."

Gida huɗu aka zana wa takardar:
ya zo, bai zo ba,
ya sha magani, ciwo ya dawo.
Mutum ɗungurungum,
da uwarsa, da bashinsa, da daren da bai runtsa ba,
dole ya dunƙule ya shiga ɗaya,
kamar ƙafar babba a takalmin yaro.

Bara war haka mutum goma sha tara suka ɓace mana.
Ba nisa ya hana su ba.
Daga Aboabo zuwa nan
ko tuwo ba ya hucewa.
Allon ƙofarmu ne ya kore su,
da bencin nan mai kallon titi,
inda mai koko za ta hango ka zaune,
kafin azahar unguwa ta raɗa maka sabon suna.

Muka sauke allon.
Muka juya benci ya ba titi baya.
Na rataye farar riga, na yafa mayafi,
na bi lungu, ina tsallake kwata,
allura a ƙasan jakar cefane.
An ce zumunta a ƙafa take.
Ashe magani ma haka.

Inusa Gariba, tela.
Shekara biyu a ɗakin baya, sarƙa a idon sawu.
Ba ƙiyayya ta sa Iya Lantana ɗaure shi ba,
tsoron motocin Asawase ne.
Sau bakwai na yi sallama kafin ta ba ni kujera,
sau goma sha ɗaya kafin ta kwance bakin zane
ta miƙo makulli, hannunta na rawa.
Malam Sumaila ne ya raba gardama, yana wanke allo:
"Rubutu da ƙwaya ba sa faɗa a ciki ɗaya."

Kada in yi ƙarya, ba duka muka ci ba.
Da damina ta zauna wa Kumasi,
magani ya yanke mana sati biyar.
Na kira sito har suka daina ɗauka.
A cikin satin na huɗu Bawa Tanko ya fita ba takalmi.
An ce an gan shi a Kejetiya,
yana ba motoci hannu cikin ruwa.
Na je sau uku.
Sunansa yana nan a gidan "bai zo ba",
kamar shi ne ya saɓa alkawari.

Tun daga ranar nake ƙirga kwalabe tun ba su ƙare ba,
nake buga wa iyaye waya daren alƙawari,
nake tambaya: ya barci? ya ci? ya kasuwa?
kafin in ce ya magani.

Yau goma sha tara sun koma shida.
Sista ta yi murmushi, ta ja layi da jan biro.
Za a karanta a taro, za a tafa.
Ni ma na ji daɗi, ban ƙi ba.

Amma jiya da la'asar na ratsa ta ƙofar Iya Lantana,
na ji keken ɗinki yana sambatu.
Inusa ne, tsumman awo a wuya,
yana faɗa da wata mata kan kuɗin kafa ɗankwali.
Faɗa irin na masu lafiya,
har da rantsuwa, har da dariya.
Ya ɗago ya ce, "Nas, bakin mayafinki ya tsinke, kawo."

Na duba fom sama da ƙasa,
ban ga gidan da zan sa wannan ba.
Sai na karkata takardar,
na rubuta a gefe, ƙanana-ƙanana,
inda mai tattara lamba ba ya dubawa:

ya ɗinke min mayafi,
ya karɓi kuɗinsa cif.