Tauraro a Ƙarƙashin Toka

Shekara goma sha tara ina fenti a wannan rumfa,
kusa da tafkin da ke daskarewa tun Disamba.
Nawa ne aikin ƙarshe:
in maƙera sun gama, injiniyoyi sun sa hannu,
ni ke zana tutar mai saye a wutsiyar jirgi.

Bana shida na yi wa ado,
kore da fari, da tauraro mai tsini bakwai
da ya ci mini kwana uku kafin ya daidaita.

Ran Talata takarda ta iso daga Stockholm.
Shafi ɗaya, hatimi ɗaya.
Ba za su tashi ba.
Wai ƙasar da ta ba da kafin alƙalami
ta juya bindigoginta kan garuruwanta.

Torvald, mai ɗaure fukafukai, ya yi jifa da safar hannu.
"In ba mu sayar ba, wani zai sayar.
Su sami jirgi, mu rasa aikin dare."
Na san bashin gidan da ke wuyansa,
da tagwayen da ƙafarsu ke fin takalmi duk wata uku.
Ban tanka ba.

Gunvor, mai dafa mana kofi,
ta ce ta ga kasuwar a labaran ƙarfe bakwai:
rumfar kankana ba rufi,
takalmin yaro guda a kan sikeli.
Ita ma ban tanka mata ba.

Laraba aka miƙo mini ruwan toka, galan huɗu.
Da tauraron na fara.
Shafin farko, yana kallona.
Na biyu, ya lumshe.
A na uku shugaban sashe ya ce ya isa.

Ga su can yanzu a bayan shinge,
hanci lulluɓe da tamfol,
kamar shanun da aka fasa kaiwa kasuwa,
ƙanƙara na taruwa a gadon bayansu.

Da dare Majken ta ɗago daga kwanonta:
"Baba, murna ka yi ko haushi ka ji?"
Na ce ta ci dankalinta kafin ya huce.

Sai dai wajen ƙarfe uku,
in rana ta kwanta ƙasa-ƙasa ta doki wutsiya ta huɗu,
nakan hango tsini biyu suna leƙe ta cikin tokar.
Ba wanda ya lura.
Akwai ragowar fenti a galan.
Kullum ina cewa gobe.