Abin da Na Koyo a Gindin Gawo

A Bambai, bayan rijiyar makaranta,
aka jera akwati bakwai a inuwar gawo.
Mu goma sha huɗu muka ba da suna.
Ni kuɗin mota ya kawo ni,
ban ɓoye wa kowa ba.

Malama Tsahara ta iso daga Tawa a kan babur,
da hular raga da ɗan gwangwanin hayaƙi.
Ta ce, wa ya taɓa ɗibar zuma?
Na ɗaga hannu har da murmushi.
Ubana Nomau ya koya mini:
a bari dare ya raba, a kunna kara,
a hau, a babbake amya, a kwashe, a diro.
Da safe ƙasa baƙi ƙirin da gawarsu,
mu lashe yatsa mu ce an dace.

Ba ta ce mini kanzil ba.
Ta cusa busasshen kashin shanu a gwangwani,
ta hura sau uku a bakin akwati,
ta tsaya.
Tsayuwar nan ta fi mini komai wuya.

Sai ta zaro saƙa ɗaya kamar mai ɗaga jariri.
Ga ƙwai, ga ƴaƴa a rufe,
ga uwar gidan, doguwa, ba ta kula mu ba.
Wannan layin naku ne, in ji ta,
wannan nasu, na bazara.
Wanda ya cinye duka, baɗi sai ya lashi katako.

Rana ta uku aka harbe ni a fatar ido.
Tankari ya yi dariya har ya zauna,
ta huɗu aka same shi a leɓe.
Mun koyi zuba tsakuwa a kaskon ruwa
don mai sha kada ta nutse.
Mun koyi narka kakin da muke jefa wa kaji.

Wata biyar akwatina yana bayan gonar albasa.
Ranar da na yanka, da rana tsaka,
ba wadda ta mutu sai biyu da na taka.

Na kai wa tsoho a murfin kwano.
Idonsa ya tafi, harshensa yana nan.
Ya ɗanɗana, ya daɗe yana juyawa.
Ya ce, wannan ba ta ji wuta ba.
Na ce, a'a, Baba.
Ya miƙo murfin.
Ƙara mini.